Kofin Amurka da yaran bakin teku: yadda Niyu Zilan ta gagara a tseren jiragen ƙyalle

A gindin babbar gadar da ta ratsa mashigin Waitemata a birnin Oklan na ƙasar Niyu Zilan, a matsayar jiragen ruwa ta Westhaven, akwai ginin wani kulob mai suna Royal New Zealand Yacht Squadron. A cikinsa ake ajiye Kofin Amurka, wani tulun azurfa da maƙeran Garrard na Landan suka ƙera a 1848, aka fara tsere a kansa a 1851. Sunan kofin daga jirgin da ya fara cin sa ya samo asali, wani jirgi mai suna America da ya zagaya tsibirin Wight ya bar jiragen Ingila a baya. Kulob ɗin na Oklan ya ɗauki kofin sau biyar: 1995, 2000, 2017, 2021 da 2024. Ƙasar kuwa mutanenta miliyan biyar ne da 'yan kai, kuma abokan karawarta attajiran Amurka ne da na Italiya, Suwizalan da Birtaniya.

Dalilin da ya sa kofin yake hannun kulob maimakon gwamnati ko kamfani yana cikin takardar wakafin da masu jirgin America suka rubuta sa'ad da suka miƙa shi ga kulob ɗin New York, aka kuma yi mata gyara daga baya. Takardar ta ce kulob ne zai ƙalubalanci kulob na wata ƙasa, kuma dole mai ƙalubalen ya kasance yana shirya tserensa na shekara a teku ko a wani reshe na teku. In gardama ta tashi, kotunan jihar New York ne ke fassara ta. Saboda haka ƙungiyar Team New Zealand, mai injiniyoyi da matuƙa da masu ɗaukar nauyi, ba ta da ikon shiga gasar sai da tutar kulob. Ita ke nemo kuɗi, ta ƙera jirgi, ta yi tseren. Kulob ɗin shi ke sa hannu, shi ke riƙe amanar kofin. Wanda ya tsaya ga wannan gini kawai zai ɗauka daga nan ƙarfin ya fito, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kafin a je can, ga yadda jirgin ƙyalle yake tafiya, domin duk labarin a kansa ya rataya. Ana ɗaura ƙyallen a jikin doguwar sanda tsayayya, wato jigo, ƙasansa kuma a jikin wata sandar kwance da ake ja ko a sassauta da igiya. In iska tana bayan jirgi, tura shi take yi, wannan ba wuya. Gwanintar tana wajen tafiya ta inda iskar ke fitowa. Ƙyallen da aka ja ya lanƙwashe yana aiki kamar fiffiken jirgin sama, yana jan jirgi gaba da kuma gefe. Abin da ke hana shi zamewa gefe shi ne wani allo da ke nutse a ƙarƙashin tsakiyarsa. A manyan jirage ana rataya dalma mai nauyi a ƙasan allon don kada iska ta kifar da su. Duk da haka ba jirgin da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakarsa ya kusance ta da kwana kamar digiri 45, ya yi tafiya, ya juya ɗaya ɓangaren, ya sake juyowa, kamar mai hawan dutse da jaki. Yawancin tsere a nan ake cinsa ko a faɗi.

Mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, da irin wannan sani suka iso tsibiran Niyu Zilan, cikin tagwayen kwale-kwale masu ƙyalle, wajen shekaru 700 da suka wuce. Turawa da suka biyo baya sun tarar da ƙasa mai duwatsu da dazuzzuka, inda hanya mafi sauƙi daga gari zuwa gari ita ce ruwa. Ranar da aka kafa Oklan a watan Satumba na 1840 an yi tseren jirage a mashigin, kuma har yau ana yin bikin tseren kowace shekara a ƙarshen Janairu. Kulob ɗin da muke magana yana lissafa shekarunsa daga 1871, lokacin yana Auckland Yacht Club, sai a 1902 ya sami izinin sarautar Birtaniya da sunan da yake ɗauke da shi yanzu.

Abu na farko da ƙasar ta yi dace da shi itace ne. Bishiyar kauri tana miƙewa sambal, tana ba da dogayen alluna marasa kulli, masu jure ruwa. Masassaƙan Oklan, musamman gidan Logan da gidan Bailey, sun yi suna da wata dabara: maimakon a kafa haƙarƙari a bi shi da katako mai kauri, sai a jera siraran alluna hawa uku, biyu na ciki a gicciye suna saɓa wa juna, na waje a miƙe daga goshi zuwa baya, a ɗinke su da ƙusoshin jan ƙarfe. Gangar jirgin takan fito da ƙarfi, ba nauyi, ba ta yoyo. Shi ya sa jirage irin su Waitangi na 1894 da Ariki na 1904 har yanzu suna kan ruwa suna tsere.

Waɗannan na masu hali ne. Talakawa nasu jiragen kamun kifi ne marasa zurfi, masu faɗin ciki, waɗanda aka yi don shiga fadamun bakin teku. Masuntan kan ɗora musu ƙyalle fiye da kima saboda wanda ya riga isa kasuwa shi ke sayar da kifinsa da daraja, daga nan tsere ya samo asali. Tun 1922 irin waɗannan jirage masu tsawon ƙafa 22 suke karawa a kan kofin da Sir Thomas Lipton, attajirin shayi, ya ba kulob ɗin Ponsonby. A 1938 ma wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa, Lou Tercel, ya ƙera jirginsa Ranger da hannunsa, ya shafe kusan shekara 30 yana barin masu kuɗi a baya.

Amma in za a nuna abu ɗaya a ce shi ne tushe, to wani ɗan jirgin yara ne da ake kira P. Wani injiniya, Harry Highet, ya fito da shi a 1920 a kusa da Whangarei, daga baya ya yaɗu daga garin Tauranga. Tsawonsa ƙafa 7 ne, wato mita 2.13, ƙyallensa kuwa ya ɗan haura murabba'in mita 4. An rufe yawancin cikinsa da ɗakunan iska, aka bar ɗan rami inda yaro zai sa ƙafa, don haka ko ya kife ba ya nutsewa: yaron ya iyo ya zagaya, ya taka allon tsakiya, jirgin ya miƙe, ya hau ya ci gaba. Uba mai zarto da guduma yana iya haɗa shi a garejin gida cikin hunturu ɗaya.

Jirgin yana da mugun hali, kuma halin nasa ne makarantar. Ƙyallen ya yi wa gajeriyar gangar yawa, jigon yana can gaba, sandar kwancen doguwa ce. In ana tafiya ta wajen iska, jirgin yakan dage sai ya juya goshinsa cikinta, yaro ya yi ta fama da allon juyi. Allon juyin da aka karkatar kuwa birki ne. Maganin shi ne a gyara karkatar jigo da ta allon tsakiya har jirgin ya daidaita, a kuma fitar da jiki waje a danne shi ya kwanta daidai a kan ruwa. In iska ta koma baya ta yi ƙarfi, sai wata matsalar ta taso: ƙyallen yana danna goshi ƙasa, goshin ya soki igiyar ruwa, gindin ya ɗaga, yaro ya wuntsila ta gaba. Dole ya ja da baya har ƙarshen jirgin, ya ɗan ɗaga allon tsakiya, ya riƙa karanta kowace igiyar ruwa kafin ta iso. Yaron da ya yi shekara uku ko huɗu a haka kafin ya kai 17 ya san abin da jirgi ke faɗa masa ta tafin hannu da ta mazauni. Shi ya sa mutanen can ke cewa wanda ya iya P ya iya kowane jirgi. Peter Blake, Chris Dickson, Russell Coutts da Dean Barker duk ta cikinsa suka biyo. Yau yara kan fara da ɗan jirgin Optimist, su shiga P, su wuce Starling da Des Townson ya zana, a ƙananan kulob fiye da 100 da ke warwatse a bakin teku da tafkuna, inda iyaye ke aikin sa kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a waɗannan rumfuna ake tanƙwarar.

Duniya ta fara jin ɗuriyarsu a gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne, inda Peter Mander da Jack Cropp suka ci zinare. A 1969 wani maɗinkin ƙyalle, Chris Bouzaid, ya kai jirginsa Rainbow II har Heligoland ta Jamus ya ci kofin One Ton da tutar kulob ɗin Oklan. Sai ga ayarin masu zanen jirage, John Spencer, Jim Young, Laurie Davidson, Ron Holland da Bruce Farr, waɗanda yawancinsu a bakin aiki suka koya. Ra'ayinsu ɗaya: a rage nauyi. Jirgi marar nauyi ba ya cin katako da yawa, ba ya bukatar ƙaton ƙyalle, kuma in iska ta kama shi yakan hau kan ruwa ya yi sulu maimakon ya riƙa huda shi. Rashin kuɗi ne ya koya musu wannan, ya kuma zame musu makami.

Peter Blake shi ya mai da abin na ƙasa baki ɗaya. A tseren zagaya duniya na Whitbread na 1981 zuwa 1982, jirginsa Ceramco New Zealand, wanda jama'a suka sa hannu wajen biyan kuɗinsa, ya rasa jigonsa a tsakiyar Atilantika kusa da tsibirin Ascension. Ɗaya daga cikin sandunan ƙarfen da ke riƙe jigo ta gefe ce ta tsinke, kuma jigo in ya rasa mariƙi ɗaya ba ya jira. Ma'aikatan suka janyo guntayen daga ruwa, suka ɗaure su suka tsayar da gajerun jiguna, suka bi doguwar hanya inda iska za ta riƙa zuwa musu ta baya har suka isa Cape Town. Mutanen gida suna bin su ta rediyo kullum. Blake ya koma, a 1989 zuwa 1990 jirginsa Steinlager 2 ya ci dukkan zango shida na tseren.

Kofin Amurka kuwa shekara 132 ya yi a New York kafin Ostireliya ta ƙwace shi a 1983. Niyu Zilan ta fara neman sa a Fremantle a 1986 zuwa 1987, da kuɗin wani ɗan banki, Michael Fay. Kowa da alminiyom yake ƙera irin waɗannan jirage, su kuwa suka zo da na faiba, KZ7, wanda ya ci tsere 37 cikin 38 kafin Dennis Conner na Amurka ya tare shi da ci 4 da 1 a wasan ƙarshe na masu ƙalubale. Abin da ya biyo baya ya fi kama da rigimar lauyoyi. Fay ya karanta takardar wakafi da kyau, ya aika ƙalubale ta hannun wani ɗan ƙaramin kulob na Mercury Bay, wanda ake yi wa ba'a cewa tsohuwar mota ce ofishinsa, ya zo da ƙaton jirgi mai ƙafa 90 a layin ruwa. Conner ya tare shi da jirgi mai ganga biyu, wanda ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, ya ci 2 da 0 a 1988. Aka yi ta shari'a har 1990, kofin ya zauna a San Diego. Daga wannan rikici kulob-kulob suka ɗauki darasi: yanzu kafin tseren ƙarshe ya ƙare, shugaban kulob ɗin da ke shirin cin kofi yana tare da wakilin kulob ɗin da suka riga suka daidaita da shi, ana tsallake layi a miƙa takardar ƙalubale a sa hannu, don kada wani baƙo ya riga shi. Wannan yana cikin 'yan ayyukan da kulob ɗin Oklan ke yi da kansa, ba wanda zai yi masa.

A 1995 Blake ya jagoranci ƙungiyar, Coutts yana riƙe da tuƙi. Kuɗinsu bai kai na manyan abokan hamayya ba, sai suka kashe shi a hanya ɗaya: jirage biyu masu kama da juna, NZL32 da NZL38, a jera su gefe da gefe a teku, a canza abu ɗaya tak a jikin ɗaya, ƙyalle ko fiffiken dalma, a ga wanne ya tsere, a sauya matuƙa a sake gwadawa. Matuƙan suna da baki a zanen jirgin tun daga farko. A duk gasar sau ɗaya aka riga su tsallake layi, kuma sun gama da Conner 5 da 0 a ranar 13 ga Mayu. A wannan kakar ce jirgin Ostireliya ya karye biyu yana tsere da su, ya nutse cikin kamar minti biyu, abin da ke nuna iyakar da ake kai wa rage nauyi. Jajayen safar da Blake ke sawa don sa'a sun zama abin sayarwa a gida don tara wa ƙungiyar kuɗi.

Kofin bai zauna lafiya a Westhaven ba. A watan Maris na 1997 wani ɗan gwagwarmayar Maori ya shiga ɗakin da yake ya farfasa shi da guduma, sai da aka mai da shi Garrard aka yi wata uku ana gyara. An kare shi a 2000 da ci 5 da 0 a kan Luna Rossa ta Italiya, karo na farko da wani ya yi nasarar kare shi a wajen Amurka. Bayan 'yan watanni Coutts da Brad Butterworth da wasu jiga-jigai suka koma ƙungiyar Alinghi ta attajirin Suwizalan Ernesto Bertarelli. Blake, wanda ya riga ya bar gasar ya koma aikin kare muhalli, 'yan fashi suka harbe shi a cikin jirginsa kusa da Macapa, a bakin kogin Amazon, a Disamba 2001.

Abin da ya faru a 2003 ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda dabara ke cin mai ita. Jiragen lokacin nauyinsu kusan tan 25 ne, kuma kamar tan 20 a ciki dalma ce da ke rataye a ƙasa, don haka kowane kilo da aka rage a sama ana mai da shi ƙasa ya zama ƙarfi. Masu zanen NZL82, jirgin tseren Niyu Zilan, suka rage ko'ina, suka kuma liƙa wata fata ta biyu a ƙarƙashin bayan gangar, da ɗan tsakani na 'yan milimita, don ruwa ya ga jirgin ya fi tsawo ba tare da ma'aunin doka ya ƙirga ba. Jirgi mai tsawo kuwa ya fi gudu. Sai dai jirgin gwajinsu, NZL81, ya samu mummunar karaya ana saura 'yan makonni, daga nan aka ji tsoron matsa wa na tseren a iska mai ƙarfi. Ranar farko iska ta tashi, teku ta yi tsalle, ruwa ya riƙa kwarara cikin jirgin ta gefe, duniya tana kallon wani matuƙi yana kwalfa da bokiti. Nauyin ruwan ya ƙara wa komai lodi, ƙarshen sandar kwance ya karye, maɗaurin ƙyallen gaba ya fizge, suka janye. A tsere na huɗu jigon ne ya karye. Alinghi, da Coutts a kan tuƙi, ta tafi da kofin 5 da 0 zuwa ƙasar da ba ta da teku. Binciken da ƙungiyar ta yi wa kanta ya ɗora laifin a kan tsarin shugabanci, inda ba mutum ɗaya mai yanke magana, da kuma ƙarancin gwaji.

Grant Dalton ya karɓi ragama. A Valencia a 2007 an doke su 5 da 2, tseren ƙarshe da tazarar daƙiƙa ɗaya. A San Francisco a 2013 su suka fara gano yadda za a ɗaga jirgi mai ƙafa 72 sama da ruwa a kan fikafikai, duk da an rubuta dokar ne da nufin hana hakan. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka ɗan fiffike a ƙarƙashinsa ya isa ya ɗauki tan da yawa, kuma da gangar ta bar ruwa sai jan da ke riƙe ta ya ragu ƙwarai. Kuskurensu shi ne an gan su suna yi da wuri, kowa ya kwaikwaya. Sun kai 8 da 1, saura ɗaya, har an soke wani tsere suna gaba da nisa saboda wa'adin minti 40 ya cika. Abokiyar karawarsu, ƙungiyar Oracle ta Amurka, ta koyi tashi a kan fikafikai ko da ana fuskantar iska, ta ci takwas a jere. Ta leƙo ta koma.

A Bermuda a 2017 sun riƙe sirrinsu har kusan ƙarshe. Doka ta hana inji, don haka duk matsin man da ke motsa fiffike da ƙyalle daga jikin mutum zai fito. Sauran ƙungiyoyi da hannu suke juya famfo. Su sai suka kafa kekuna huɗu a kowace ganga ta jirginsu mai ganga biyu, har da ɗan tseren keke Simon van Velthooven mai tagullar Olamfik. Ƙafa ta fi hannu ƙarfi, mai taka keke a duƙe yake ba ya tare iska, kuma hannayensa a sake suke. Saboda haka aka raba aikin: Peter Burling yana tuƙi kawai, Blair Tuke yana taka keke yana daidaita tsayin fikafikai, Glenn Ashby yana sarrafa ƙyalle da 'yar na'ura a hannu. Jirgin ya taɓa sokawa da goshi ya kife a wata rana mai iska, irin faɗuwar da kowane yaron P ya sani, aka kwana ana gyara. Sun ci Oracle 7 da 1.

Jirgin da suka tsara bayan nan, AC75, ganga ɗaya ce marar dalma a ƙasa, da hannaye biyu masu fikafikai, ɗaya a ruwa ɗaya a sama, kuma yana wuce kilomita 90 a sa'a. Da shi suka doke Luna Rossa 7 da 3 a Oklan a 2021, suka doke Birtaniya 7 da 2 a 2024.

Wannan na 2024 a Basalona ta Sifen aka yi shi, kuma nan ne maganar ta yi ɗaci. Gwamnati da hukumar birnin Oklan sun yi tayin abin da ya kai dalar Niyu Zilan miliyan 99, kuɗi da hidima, ƙungiyar ta ce bai isa ba. Hujjar Dalton ita ce in ba a sayar da damar karɓar baƙuncin gasar ba, ba za a iya biyan injiniyoyi da matuƙa ba, attajirai su kwashe su kamar yadda aka yi a 2000. Hujja ce mai ƙarfi, kuma sakamakon Basalona ya goyi bayansa. Amma masu sukar, ciki har da wasu mambobin kulob ɗin, su ma ba su yi ƙarya ba: mutanen da suka sayi jajayen safa, da masu biyan harajin da aka sha tallafa wa ƙungiyar da shi, sai da suka tashi da tsakar dare su kalli kofinsu a talabijin. Kulob ɗin, wanda a takarda shi ne mai amana, ya amince da tafiyar, domin ba shi da aljihun da zai ce a'a. A 2025 gwamnati ta sake cewa ba za ta biya ba, aka sanar da cewa gasar 2027 a Naples ta Italiya za a yi. Burling, wanda ya tuƙa jirgin a nasarori uku a jere, ya rabu da ƙungiyar a shekarar, kuma Luna Rossa ce ta ɗauke shi.